Ƙwai Biyu da Ragowar Jiya

Ɗansoshiya, Kiru.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore lafiya, ka sauka Doguwa ba ko ƙwarzane. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙaramin asibitin da aka tura ka, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda ka taɓa.

Da gangan na cusa takardar nan a cikin kwalin ƙwai, don na san shi za ka fara buɗewa ka ga ko sun fashe a hanya. Da baki na so in yi maka maganar, amma na san halinka sarai. Ina farawa za ka sunkuyar da kai kana murmushi, ka yi ta "To Inna, to Inna," alhali kunnenka yana wani gari. To, takarda dai ba a yi mata "to Inna". Ka karanta ta har ƙarshe.

Ba zan yi maka wa'azin salla ko na riƙon amana ba. Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya gama wannan aikin tun kana ƙarami, kuma na shaida ya kama ka. Maganata ɗaya ce: cikinka. Har gobe ban manta ranar da aka kira ni daga makarantar koyon aikin lafiya aka ce ka yanke jiki ka faɗi kana aman jini ba. Na tarar da kai a gadon asibiti, fuska kamar an shafa mata toka. Likita ya ce gyambon ciki ne, ya juyo ya tambaye ka me kake ci da yamma. Ka ce shayi, wata rana garin kwaki, wata rana ba komai. Ya ce me ya hana ka dafa ko da taliya ce? Ka ce, "Ban iya ba." Ba ka kalle ni ba da ka faɗa, kuma na san ba don ka ɗora mini laifi ka faɗa ba, amma wallahi a kaina maganar ta sauka. Likitan ya ce muddin ka ci gaba da kwana da yunwa ciwon zai dawo, kuma dawowar za ta fi ta farko muni. Yanzu ga shi za ka zauna inda babu ni, babu yayarka Habiba. Ba na son a sake yi mini irin wannan kiran, shi ya sa na ɗauki biro.

Kuskurena na farko da muciya na yi shi. Kana ɗan shekara takwas ba ka da wurin zama sai bakin madafi. Ka tsuguna ka zuba mini ido, tambaya kuwa kamar ɗan jarida: "Inna, me ya sa ake fara sa albasa kafin tumatir? Inna, ta yaya kika san tuwo ya nuna?" Rannan na fita ɗebo itace, na dawo na tarar da kai kana juya talge da hannu biyu, harshe a waje. Sai aka yi rashin sa'a wata maƙwabciya ta shigo aron turmi. Ta kwashe da dariya ta ce, "A'a, Malama! Ɗan daudu kike raino?" Kunya ta rufe ni. Na fizge muciyar na zuba maka ita a gadon baya, na ce, "Fita! Madafi ba wurin maza ba ne." Ka fita ba ka yi kuka ba, kuma daga ranar ba ka sake tsugunawa a bakin ƙofar nan ba. Abin takaicin, da yammar nan har wani daɗi nake ji wai na gyara ɗa.

Ban gyara komai ba, Nafi'u. Dariyar mace ɗaya na ji wa tsoro, na kore ka daga abin da zai riƙe ka. Ita matar ma yanzu ko sunanka ba lallai ta tuna ba. Saboda haka ka cire kunyar kasko daga ranka. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, direbobin manyan motocin da ke tsayawa a Kwanar Ɗangora da risho da tukunya suke yawo, ba wanda ya ce sun rage mazantaka. Idan wani abokin aikinka ya leƙo ya gan ka kana yanka albasa ya fara tsokana, kada ka tanka masa. Ka bari abincin ya sauka ka miƙa masa cokali, za ka ga bakinsa ya mutu.

Na biyu, ƙwai. Kakarka Goggo, mahaifiyar babanku, ta yi imani cewa yaron da ya saba cin ƙwai sata zai koya. Haka ma na taso ina ji a Ba'awa tun ina yarinya. Ni kuma da nake malamar firamare, da safe in zana ƙwai a allo in ce wa 'ya'yan mutane abinci ne mai gina jiki, da yamma in dawo gida in hana nawa. Ga kaji, ga zabi a gidan, amma ƙwansu na baƙo ne, ko na kwanci, ko na kasuwa. Ina tuna ku, kai da Habiba, kuna raɓe a bayan labule kuna kallon baƙo yana lashe faranti. Ban yarda da maganar Goggo ba ko sau ɗaya, kawai dai ban so a ce matar ɗa ta fi uwar miji sani. Na ga ɓarayi iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin wanda alƙali ya tambaya ƙwai nawa ya ci yana yaro ba.

To yanzu na sauya doka: kada ɗakinka ya rabu da ƙwai. Duk abin da zai ƙare ya ƙare, ban da shi da albasa da man gyaɗa da gishiri. Da damina matan Fulani za su riƙa shigowa kasuwa da ƙwan zabi, ka saya, ya fi na kaji daɗewa bai lalace ba. Ɓawonsa da tauri, sai ka ɗan doke shi da bayan wuƙa. Kafin ka yi amfani da kowane ƙwai ka jefa shi a kofin ruwa. Wanda ya nutse ya kwanta naka ne, wanda ya taso sama ka yar da shi can nesa, kada ka ce bari ka duba.

Kuma kowanne ka fara fasa shi a kofi shi kaɗai, ka gani, sannan ka juye. Wannan ma da wuya na koye shi. Wasu abokan mahaifinka sun taɓa zuwa daga Bebeji, na ce yau zan nuna musu an iya karɓar baƙi a Ɗansoshiya. Na jera ƙwai goma ina fasawa a kwano ɗaya ina waƙa. Tara lafiya lau, na goma baragurbi! Innalillahi, warin da ya tashi har akuya sai da ta bar gindin turmi. Mahaifinka ya leƙo daga zaure yana toshe hanci ya ce, "Malama, baƙin za ki ciyar ko korar su za ki yi?" Fura suka sha suka tafi. Shekara da shekaru duk sanda ya gan ni da ƙwai a hannu sai ya matsa baya yana dariya.

To, ga aikin kansa. Ka taso daga asibiti da yamma lis, ƙafa ta yi nauyi, ga ragowar shinkafa a tukunya. Ɗora kasko, ƙaramin nan da na sa maka a ƙasan jaka. Zuba mai cokali biyu, yanka rabin albasa, ba ruwanka da kyan yanka, ba dangin amarya ne za su zo dubawa ba. Idan ta yi laushi ta fara ƙamshi, juye shinkafar, yayyafa mata ruwa kaɗan da hannu, ka yi ta juyawa har ta yi zafi ko'ina tana tururi. Sai ka ture ta gefe guda, ka zuba ƙwai biyu a filin da ka buɗe, ka bar shi ya ɗan kama jikinsa, sannan ka cakuɗa su gaba ɗaya. Barbaɗa gishiri, sauke. Ragowar taliya ma haka, garau-garau ma haka. Attaruhu kuwa na hana, ka ji ni da kyau. Na san ka da yaji kamar kun haɗa dangi, amma cikinka ba na yaji ba ne yanzu. Idan kana son ja a ido, sa tattasai.

Idan miyar tumatir ce ta rage ba abin haɗawa, wannan ma ya fi sauƙi. Juye ta a kasko ta tafasa sosai, ka yi ramuka biyu da bayan cokali, ka zuba ƙwai ɗaya a kowane rami, ka rage wuta ka kife faranti a kai. Kafin ka wanke fuska ka canza riga farin ya kama. Ka dangwala da burodi ko gurasa, a cikin kaskon ma za ka iya ci, ba wanda zai kai mini rahoto.

Doguwa ƙasar masara ce da dankalin Turawa. Mutanen ƙauye kuma idan ka duba musu yaro ya warke, dankali za su yi ta kawo maka har ka rasa wurin ajiyewa. Ranar da kake da ɗan ƙarfi ka dafa da yawa da ɓawonsa. Washegari ka ɓare, ka yayyanka, ka soya sama-sama, ka kaɗa ƙwai da lawashi ka zuba a kai. Rogo da dankalin Hausa duk hanyarsu ɗaya. Sannan maƙwabta za su turo maka kwanon tuwo a kwanakin farko saboda baƙunta. Ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, amma kada ka jingina da shi, baƙunta ƙarewa take. Idan tuwon ya rage ya sandare, yanka shi fale-fale, tsoma a kaɗaɗɗen ƙwai mai gishiri, soya gaba da baya. Ni na ƙirƙiro wannan, kuma ina alfahari da shi. Ranar da Habiba ta gan shi ta yi ta dariya wai tuwon 'yan gayu, kafin in juya ta cinye guda huɗu.

Sai dai ka yi hattara, ba kowace ragowa ce abinci ba. Wata bazara na sauke shinkafa na rufe ta da zafinta, murfi ya yi ta gumi yana ɗiga a ciki har gari ya waye. Da na buɗe na ji ta ɗan canza, hancina bai yi mini ƙarya ba. Amma na ce kai, zubar da abinci zunubi ne, na ɗumama ta sama-sama na zuba muku. Ranar gaba ɗayanmu a layin banɗaki muka wuni, mahaifinka ko masallacin Juma'a bai samu zuwa ba. Da na san haka tsoron zunubi zai kai mu, da kaji na bai wa tun farko.

Kai ba ka da firji, ko kana da shi ma ka san halin wuta. Don haka duk abin da ya rage ka baza shi a faranti ya huce tukuna, ka rufe da faifai ko matankaɗi yadda zai sha iska, ka ajiye a inda ya fi sanyi a ɗakin. Na dare ka ɗumama shi da safe kafin ka fita, ko da ba ci za ka yi ba, ya yi zafi har ciki. Da zafin bazara kuwa, abin da ka dafa da safe shi ne na yamma, kada ka ƙara masa kwana. In ka ji tsami, ko ka ga yauƙi, ko zuciyarka ta yi ɗar, kajin maƙwabta suna nan. Ƙwai ba ya gyara abin da ya riga ya lalace, asararsa kawai za ka yi.

Duk wannan da na lissafa, na san za ka iya shi cikin mako ɗaya. Wanda ya iya nemo jijiya a hannun jariri, fasa ƙwai ba zai gagare shi ba. Abin da nake tsoro ba rashin iyawa ba ne, kasala ce. Ita ce ta kusa kai ni ƙasa, kuma ban taɓa gaya maka ba.

Bayan rasuwar mahaifinka, da 'yan zaman makoki suka watse, Habiba ta koma ɗakinta, kai ka koma makaranta, gidan ya rage ni kaɗai ina takaba. Tun da aka kawo ni gidan nan tuwon jama'a nake tuƙawa, ban san yadda ake dafa na mutum ɗaya ba. In kalli tukunya in ga ta yi mini girma. Sai in ce bari in ɗan zauna tukuna, idan na ji yunwa na tashi. Yunwar kuma ba ta zuwa, sai jiri. Kuna kira a waya in ce muku na ci na ƙoshi. Zanena ya fara zagaye ni har da saura, ni ban ma lura ba.

Dije ce ta kama ni, Bafulatanar nan ta rugar bayan gari mai kawo mana nono. Ta shigo da sallama ta sauke ƙwarya, ta leƙa madafi ta ga kaza kwance a cikin tokar murhu. Ta buɗe kwanon dambun da aka aiko mini da safe ta gan shi yadda aka kawo shi.

Ta ce, "Malama, yaushe rabon murhun nan da wuta?"

Na ce, "Dije, ba na jin cin komai."

Ta ce, "Wa ya tambaye ki abin da kike ji? Mu saniya idan ta ƙi fita kiwo ba ma zama jiran ta so. Korar ta muke, idan ta ga ciyawa ta tuna."

Ta kori kazar, ta hura wuta da kara, ta lakato man shanu daga ƙwaryarta, ta fasa ƙwan zabi biyu a kan dambun ta juya. Ta dire mini a gaba ta ce, "Nyamu," wato ci, ta zauna ta harɗe ƙafa tana kallona. Loma ta farko kamar ina tauna tsumma. A ta uku hawaye suka zubo mini. A ta huɗu na gane ashe yunwa ce take cina tun kwanaki, ban dai san sunanta ba. Na cinye tas har ina kankare kasko, Dije ta ɗauki ƙwaryarta ta ce jibi za ta dawo ta duba tokar murhun.

Abin da na koya a hannunta shi zan ba ka, kuma ya fi duk girkin da ke sama muhimmanci: kada ka jira sai ka ji sha'awar abinci. Ba za ta zo ba sai ka fara ci. Kuma kada ka zauna. Zaman nan shi ne tarkon. Ka shigo ɗaki ka ce bari in ɗan miƙe a katifa, ka jawo waya, shi ke nan an gama da kai, sai kiran asuba. Kana buɗe ƙofa, kafin ka cire agogo, ka kunna risho ka ɗora kasko ka zuba mai. Mai a kan wuta ba ya barin mutum ya kwanta, dole ka nemo albasa, daga nan hannu zai ƙarasa sauran da kansa. Kana gama ci kuma ka wanke kaskon tun da ɗuminsa. Na san ranar da za ka gan shi da maiƙon jiya, ranar ka samu dalilin kwana da yunwa.

Akwai ranar da ko albasar ba za ka iya yankawa ba. Aikinka aikin rai ne, wata rana za a kawo maka yaro a makare, ka yi iya yinka, Allah Ya karɓi abinsa a hannunka. Za ka dawo ɗaki ba ka son ganin kowa. A irin wannan ranar ba na neman suya daga gare ka. Zuba ruwa a ƙaramar tukunya, saka ƙwai biyu, yana tafasa ka kashe risho ka rufe, ka tafi masallaci sallar Magariba. Kafin ka dawo sun dahu. Ka ɓare, ka dangwala gishiri, ka haɗa da duk abin da hannunka ya taɓa, ko guntun burodi ne, ko dafaffen dankali, ko ƙuli-ƙuli. Wannan ma abincin dare ne, kuma ya isa ya raba ka da gadon asibiti.

Idan kuwa ranar ta fi haka nauyi, har tukunyar ma ta gagare ka, to ka kira ni. Ba sai ka yi mini bayani ba, ba zan tambaye ka me ya faru ba. Ka ce kawai, "Inna, ga ni a gaban kasko." Ka ajiye wayar kusa da shi in ji ƙarar man da kunnena, kuma kada ka ce za ka yi mini wayo, na san kukan kaskon da aka fasa wa ƙwai da na wanda aka yayyafa wa ruwa. Ni ma zan tashi in ɗora nawa. Gara in faɗa maka gaskiya tunda a takarda ne: tun ranar da ka fara haɗa kaya kasalar nan ta soma leƙo ni, jiya ma ban hura wuta ba. Saboda haka kiran ba don kai kaɗai ba ne. Ka soya naka a Doguwa, in soya nawa a Ɗansoshiya, mu ci tare, kowa ya tsare ɗan'uwansa.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya kashe wannan ciwo kashewa ta har abada. Allah Ya tsare ka a ɗaki da wurin aiki da kan hanya, Ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya yi albarka a lomarka, Ya dawo mini da kai da kumatu. Ka gaida masu gidan da ka sauka, ka ce uwarka tana godiya tun kafin ta san su.

Na yafe maka duniya da lahira, Nafi'u. Kai ma ka yafe mini.

Mahaifiyarka,
Inna.